Fayif ɗin birkin tsohuwar mota yana yoyo kuma babu irinsa a kasuwa: yadda ake haɗa sabo

Duk mai riƙe da tsohuwar mota irin su Peugeot 504 ko 505, ko Mercedes 200 ɗin nan ta da, ko tsohuwar Hilux, ya saba jin maganar nan ta masu kayan mota, "Alhaji ai wannan an daina yinsa". A wasu kayan gaskiya ne kuma ba yadda zakayi sai haƙuri, amma a fayif ɗin birki maganar bata ƙare nan ba, saboda fayif ɗin birki ba wani abu bane da sai kamfanin motar kaɗai ke iya yi, bututu ne mai kauri sananne da noti biyu da baki da aka buɗa a kowane gefe, shikenan. Abinda kamfani ya daina shine lanƙwasa maka shi ya sa a leda da lamba. Bututun da notin har gobe ana yinsu. Ita 504 tun 1968 ta fito a Faransa, kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna, wato PAN, da aka buɗe a 1975 yayi ta haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kaga kenan ko wadda ta fi kowacce ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara ashirin ko ta kusa, kuma da yawansu fayif ɗin da suka fito dashi daga kamfani shine a jikinsu har yanzu suna ɗaukar fasinja da buhuna.

Kafin ka kwance komai ka tabbatar fayif ɗin ne. Man birki yana raguwa a kofi ba lallai fayif bane, ka samu tocila ka bi layin tun daga masta, wato famfon da feda ke turawa wanda kofin mai ke kansa, har kowace taya. In bayan taya ta ciki ya jiƙe, ko kaga mai yana bin ƙasan duram, to fot ne, wato ɗan famfon cikin duram mai tura shu, ko kalifa mai matse fad, ke zuba. In ka taka birki ka riƙe kaji feda tana tafiya ƙasa a hankali amma ko ɗigo babu a ƙasa kuma man bai ragu ba, robar cikin masta ce ta gaji. Wani lokacin kuma man yana raguwa baka ga inda yake zuwa ba, ashe masta ce ke zubar dashi ta baya cikin sabo ɗin birki, wannan baƙin tulun da take ɗaure a jikinsa. Yoyon fayif kuwa inda ya fi ɓuya shine ƙarƙashin kilif ɗin da ke riƙe dashi, da saman tankin mai, da inda ya bi ta kan aksul na baya, duk inda laka ke taruwa da damina ta kwana a jiƙe. Mu nan arewa tsatsa bata cinmu kamar ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, amma motar da ta shigo ta Kwatano bayan ta shekara goma a Turai da tsatsarta take zuwa. Sannan akwai ruwan batir da ke ɗiga kan fayif, akwai wanda kilif ɗinsa ya faɗi yake ta goga da ƙarfe har ya huje, akwai dutse da ya daki wani ya lotsa. Ka goge wurin da kake zargi ya bushe, ka sa wani ya taka birki da ƙarfi kai kana kallo, zakaga yana tsattsafowa.

In ka samu wuri ɗaya da tsatsa ta huda, ka duba sauran da idon basira don shekarunsu ɗaya, ka kankare da buroshin ƙarfe, wanda tsatsarsa ta sama ce kawai zai fito sumul, wanda kuwa yake ɓarewa yana barin ramuka ko ya kumbura to shima nasa ya zo. Ni dai shawarata in har ka riga ka ɗaga motar ka zubar da mai, ka canza duk wanda yayi ramuka lokaci ɗaya, wahalar cire iska ɗaya ce.

Yanzu bari in tsaya a kan abubuwan da ake yi a bakin hanya, don sune suke kashe mutane. Wani zai yanke wurin da ya huje ya zura guntun tiyon fetur ya ɗaure da kilif ko waya. Wani zai kai wa mai waldar gas ya liƙe ramin da jan ƙarfe. Wani zai naɗe fayif ɗin ya dake shi da guduma ko ya cusa ƙusa, ya kashe birkin tayar gaba ɗaya yace ai saura uku sun isa. Wani kuma zai siyo irin mahaɗin nan na masu famfo mai zobe a ciki wanda ake matsewa. Dan Allah kar ka yarda da ko ɗaya. Iskar da mai faci ke sa maka a taya bata wuce bar 2 zuwa 2.5 ba, bar shine ma'aunin ƙarfin matsi, amma in ka taka birki na gaggawa ƙarfin da ke cikin wannan siririn fayif ɗin yana kai bar 70 zuwa 100, har ya wuce. Tiyon fetur da kilif zasu riƙe a gareji lokacin da yaro ke taka feda a hankali, ranar da akuya ko ɗan makaranta ya faɗo maka titi ka taka da iya ƙarfinka ranar zasu fita. Walda kuwa tana ƙona rufin da ke kare fayif daga tsatsa ta raunana ƙarfen gefen wurin, kuma ɓurɓushi yana faɗawa ciki ya tafi kalifa. Wasu tsofaffin motocin ma layi ɗaya ne ke ba tayoyi huɗu, ba irin na baya-bayan nan masu layi biyu ba, in wuri ɗaya ya fashe feda ƙasa zata tafi gaba ɗaya babu ko rabin birki.

Toh me zaka siya. Fayif ɗin birki na kusan duk ƙananan motoci kaurinsa milimita 4.75 ne, wato 3/16 na inci, abu ɗaya ne suna biyu. Wasu manyan motoci da wasu layukan baya suna da milimita 6 ko 1/4 na inci, don haka ka auna naka ko ka yanki guntu ka tafi dashi kasuwa. Yana zuwa a naɗe, yawanci ƙafa 25, mita 7.6 kenan, ƙaramar mota naɗi ɗaya kan ishe ta, wagon ko akori-kura in zaka canza duka gara ka siyi biyu don zaka ɓata wani wajen koyo. Iri biyu ne masu kyau. Akwai na ƙarfe irin wanda motar ta zo dashi, mai rufin zinki ko kore ko baƙin fenti, maganaɗisu yana kama shi, yana da ƙarfi amma yana da taurin lanƙwasa da taurin buɗa baki. Akwai kuma wanda aka haɗa jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, zakaga an rubuta CuNi ko 90/10 a jikinsa ko a ledarsa, wasu suna ce masa Kunifer, Volvo tun 1976 ta koma amfani dashi. Wannan baya tsatsa, hannu ma yana lanƙwasa shi, bakinsa yana buɗuwa da sauƙi, in ka samu shi ko da ya fi tsada shi zaka ɗauka.

Wanda zaka gujewa shine zallar jan ƙarfe na masu gyaran firij da AC. Shi ya fi sauƙin samu, ya fi araha, kuma yana kama da wancan a ido sai dai ya fi ja da ƙyalli, wancan ya ɗan fi shi kodewa. Matsalarsa jijjiga, jan ƙarfe zalla in yana motsi kullum taurare yake yi ya tsage, yawanci daidai gindin noti, kuma baya yin yoyo ya baka sanarwa, karyewa kawai yake. Ga shi bangon na firij sau da yawa siriri ne. In mai shago yace maka duk ɗaya ne kace ya nuna maka rubutun jiki.

A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka sa a aiko maka daga Ladipo a Legas ko Nnewi, ka tambayi fayif ɗin birki na naɗi, kar ka ce na 504 don nan take za'a ce babu. In sabo ya gagara akwai wata hanya, ka nemi doguwar fayif mai zuwa baya daga motar da bata tsufa ba wadda hatsari ya kashe, mai tsafta babu tsatsa babu lotsawa, ka yanka daidai tsawon da kake so ka buɗa sabon baki, in mai rufin roba ce ka fere rufin daidai inda noti zai zauna. Amma fayif ɗin wata tsohuwar 504 da aka yanka a Panteka sa'ar taka ce, amfaninta kawai ta zama maka abin kwaikwayo in taka ta kakkarye, ko ka ciri noti a jikinta.

Inda aikin yake da gaske shine baki da noti, nan ne ma bakanike mai shekaru yake iya kuskurewa. Bakin fayif iri biyu ne a birki. Akwai dobul, wanda aka buɗa bakin kamar mazurari sannan aka ninke leɓen ya koma ciki ya zama ninki biyu, shine a motocin Japan da na Amurka. Akwai bobul, wanda ƙarshen ya kumbura yayi ƙululu kamar kan maɓalli, bayansa a miƙe, shine a yawancin motocin Turai. Kar ka tsaya a kan ƙasar motar kawai, ka kalli tsohon bakin da ka ciro, kuma ka haska cikin ramin da zai shiga. In ƙasan ramin akwai ɗan tudu mai tsini da ya taso to dobul yake so ya hau kansa, in ƙasan ramin ya zurma ciki to bobul ne zai zauna a ciki. Ka duba kowane gefe daban, fayif ɗaya yana iya zama wannan gefen dobul wancan bobul, musamman a motar da ta sha hannu aka taɓa sa mata mastar wata mota. In ka sa wanda ba nasa ba noti zai ɗauru lafiya lau amma bazai taɓa daina tsattsafo ba, kai kuma kayi ta ƙara matsewa har ka lalata mazaunin. Baki mai ninki ɗaya irin wanda masu AC ke yi shima ba na birki bane, leɓensa tsagewa yake.

Noti kuma zarensa. Wanda ya fi yawa a motocin Turai da Japan shine M10 mai tazarar 1, wato kaurinsa milimita 10 kuma tsakanin zare da zare milimita 1, akwai M12 mai tazarar 1 a wasu ramukan masta, sai kuma na inci 3/8 mai zare 24 a kowane inci a motocin Amurka da tsofaffin na Ingila irin su Land Rover ta da. Abin tsoron shine notin 3/8 yana shiga ramin M10 yayi ta juyawa kamar nasa, saboda bambancinsu bai kai rabin milimita sosai ba, sai dai yana lilo a ciki, zaren kaɗan ne ya kama, in ƙarfi ya zo zai iya tsigewa. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka ɗaura sabon notin da hannu zalla babu fayif, ya shiga zagaye huɗu ko biyar sumul, ka girgiza shi, in yana kaɗawa ba nasa bane, in ya cije tun zagaye na biyu shima ba nasa bane. Ka haɗa zaren tsoho da na sabo gefe da gefe ka ɗaga su a haske, in iri ɗaya ne zasu shige juna babu haske a tsakani. Tsawon notin ma ka lura, akwai gajere akwai dogo, akwai mai ɗan hanci marar zare a gaba, in ka sa gajere inda ake son dogo kansa zai dafe kafin ya matse bakin. In tsohon notin kansa bai cinye ba zarensa kuma lafiya, ka wanke shi ka maida shi, a motar da kayanta suka ɓace tsohon noti mai lafiya ya fi sabon da kake kokwanto.

Wani abu da masu yin oda daga waje suke faɗawa, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, motocinmu sitiyari a hagu yake, in ka ga saitin fayif da aka riga aka yanka ana sayarwa daga Ingila to na mota mai sitiyari a dama ne, masta tana ɗaya gefen, tsawon na gaba bazai zo maka daidai ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Abin buɗa baki mai yin irin bakin da kake buƙata, ka tabbatar akwai ɗan kan 4.75, wato ɗan ƙarfen da ake sawa a bakin fayif a danna, a cikin akwatin, abin yanka fayif mai ɗan faifai, ƙaramin magagari, sifanar fayif mai tsaga a baki lamba 10 da 11, man kwance tsatsa, siririn tiyo mai nuna ciki da gora, da man birki sabo lita ɗaya. Sifanar nan mai tsaga kar ka raina ta, ita ke kama noti ta gefe biyar, sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu take kamawa shi yasa take murje kan noti.

Ka tsayar da motar a wuri mai tauri, ka sa wa tayoyi waigi, ka ɗaga ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. Kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro bane, rugujewa yake ba tare da ya nuna alama ba. Tun daren jiya ka fesa wa duk notin da zaka taɓa man tsatsa, har da ƙananan nonon cire iska na kowace taya, kuma ka gwada su tun kafin ka fara, don in ka gama haɗa fayif sannan nono ya karye a kalifa ka shiga wani aikin daban. Ka ɗauki hoton hanyar da kowane fayif ya bi da wayarka, da yawa, ta kowane gefe, musamman wajen masta da wajen bawul ɗin baya inda uku ko huɗu suke haɗuwa. Sannan ka taka feda kamar rabi ka tokare ta da sanda a jikin kujera, wannan yana rufe ƙofar masta man kofi bazai tsiyaye duka ba, ka cire kan batir don fitilar birki kar ta kwana a kunne.

Wajen kwancewa in noti ya ƙi, tunda fayif ɗin zubarwa zakayi, ka yanke shi daidai gindin notin ka sa soket mai kusurwa shida, zai fito. Ka yanke da filaya mai yanka, banda zarto, garin ƙarfe yana shiga ciki. Inda fayif ya haɗu da tiyon roba ka riƙe kan tiyon da sifana ta biyu kar ka murɗe ƙarfen da ke riƙe dashi. Wuta kuwa ka nisance ta, layin fetur tare suke tafiya da na birki a ƙasan mota. Ka yi ƙoƙari ka ciro tsohon a yadda yake da lanƙwasarsa, ko da gida biyu ne, shine ma'auninka. Ka bi jikinsa da igiya ko waya ta bi duk kwana, ka miƙe igiyar ka auna, ka ƙara kamar santimita biyu zuwa uku saboda baki da kuskure.

Ka warware naɗin a ƙasa mai laushi kana taka bakin kana mirgina shi ya miƙe. Ka yanka a hankali, kana ƙara matse faifan kaɗan kaɗan a kowane zagaye, in ka matse da yawa bakin zai shige ciki. Ka kankare ɓurɓushin cikin bakin, ka ɗan shafi gefen waje da magagari, bakin yana kallon ƙasa don garin ya zubo waje, kuma ya zama a miƙe sak, bakin da ya karkace bazai taɓa bada baki mai kyau ba. Sai ka zura noti tukuna, zarensa yana kallon ƙarshen fayif, ka maƙale shi da salatif kar ya zame, kowa ya san wannan amma in hankali ya tafi kan buɗa baki mantawa ake sai an gama a ga noti a ƙasa. Ka sa fayif a ramin mamatsin abin buɗa bakin, abinda zai leƙo ya zama daidai tsayin matakalar da ke jikin ɗan kan, ka matse mamatsin sosai don in fayif ya zame baya bakin ya lalace. Ka ɗiga man birki a bakin, man birki kawai, banda baƙin mai ko giris. In dobul ne ka sa ɗan kan ka murɗa har ya dafe, zai yi ƙululu, ka cire shi ka sauko da tsinin ya ninke leɓen ciki, kar ka danne shi har ya zama kamar takarda, ka bar masa ɗan abinda noti zai ƙarasa matsewa. In bobul ne ka nemi abin da aka yi don shi, mutane suna tsayawa a matakin farko na dobul suce sun yi bobul, yana kama amma bayansa a karkace yake, notin bobul kuwa bayan da ya miƙe yake son ya danna. Ka gwada a guntaye har sai hannunka ya faɗa, ka haska kowane baki ka duba, wanda ya tsage ko ya fi kauri a gefe ɗaya ka yanke ka sake, ba'a lallaɓa shi.

Lanƙwasa kuma ka ɗora sabon a kan tsohon ka ɗaure su da salatif kana bi kwana kwana. In baka da abin lanƙwasa ka naɗa a jikin soket babba ko wani zagayayyen ƙarfe, kar ka karya shi a yatsa, in ya lotse ya tsuke hanya ce ta toshe kuma nan zai tsage. Kusa da noti ka bar wajen santimita biyu a miƙe don notin ya samu ja da baya. Dogon da ke zuwa baya in ya bi ta saman tanki wani lokacin gara ka sassauta tankin, in kuwa dole sai an raba shi biyu to da mahaɗin birki na gaskiya mai zare wanda kowane gefe aka buɗa masa baki, a wurin da ido zai iya gani. Kafin ka ɗaura ka hura iska ta ciki, ka toshe bakin da salatif lokacin da kake zura shi ta cikin datti.

Ka fara ɗaura kowane noti da yatsu, duka gefen biyu, kafin sifana ta taɓa shi. Jikin masta da fot a wasu motocin aluminiyam ne, in ka hau zare a karkace ka kashe kayan da shi kam da gaske babu shi a kasuwa. Matsewar bata da yawa, wajen 15 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wato ya dafe ka ƙara ɗan kaɗan da gajeriyar sifana. Ba'a sa farin zaren masu famfo ko gam a notin birki, ba zaren ke tare mai ba, bakin ne. Ka maida shi cikin duk kilif, wanda ya karye ka sa sabo mai roba a ciki, kusan kowane santimita 30 ya samu abin riƙo, mai nikel ɗin ma ya fi son riƙo kusa kusa don ya fi laushi. Kar ya taɓa salansa, kar ya goga da gefen ƙarfe, kar ya zama shine mafi ƙasa a cikin motar inda dutse zai fara samu.

Tiyon roba na wajen tayoyi shi ba'a haɗa shi a gida. In ya tsattsage, ko yana kumbura in an taka, ko taya tana riƙewa bayan ka saki birki saboda cikinsa ya ruɓe ya zama bawul, sai canji. In na motarka babu ka ɗauki tsohon ka zaga dashi, ana samun na wata mota da ya dace, abinda zaka haɗa shine tsawo, da zare, da ko kan namiji ne ko mace, da yadda yake zama a maƙalinsa. Ya ɗan fi tsawo kaɗan ba laifi in baya taɓa komai, ya gaza kuwa haɗari ne. Ka nemi rubutun SAE J1401 a jikinsa. Masu matse tiyon haidirolik na katafila da tifa kar ka basu su yi maka da tiyonsu, robarsu ta man inji ce, man birki yana cinta, kamar yadda ita ma robar birki take kumbura in fetur ko kananzir ko baƙin mai ya taɓa ta, shi yasa ba'a wanke kayan birki dasu. In kan tiyon birkin mai zobe ne da ake ɗaurewa da ƙusa mai rami ka sa sabbin washa na jan ƙarfe sama da ƙasa. Bayan ka ɗaura ka kalli layin da ke jikin tiyon kar ya murɗe, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga baya jan kansa baya taɓa taya.

Mai kuma DOT 3 ko DOT 4, lambar nau'in man birki kenan, duba murfin kofin, a gwangwani rufaffe. DOT 4 sabo baya tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 3 kuma 205, amma man birki yana shan danshin iska, in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155 da 140, kuma wannan ruwan shi ke cin fayif ta ciki inda ba ka gani. Wanda ake tsiyayo maka a gorar ruwa a bakin tasha baka san tun yaushe yake buɗe ba. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya ƙare a daji, in an taɓa yi wa motarka haka to ka ɗauka duk fayif ɗinta sun tsatsa ta ciki. DOT 5 silikon ne baya haɗuwa da waɗannan, koren man Citroën shima daban ne. In ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take.

Cire iska mutum biyu ne. Ka cire sandar da ka tokare feda, ka cika kofi, ka fara da tayar da ta fi nisa da masta, a motarmu mai sitiyari a hagu baya dama kenan, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Tiyo a kan nono, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai. Na ciki ya taka sau uku a hankali ya riƙe, ka buɗe kwata, mai da kumfa su fito, ka rufe kafin ya saki, haka har sai mai ya fito garau babu kumfa. Ka sa guntun katako ƙarƙashin feda kar ta kai ƙasa, tsohuwar masta can ƙarshenta inda roba bata taɓa zuwa ba akwai tsatsa, in ka tura ta can zata yage ka gama fayif ka koma neman masta. Kofin kar ya sauka ƙasa da rabi. Sannan 504 da motoci da yawa na zamaninta suna da bawul a baya mai rage ƙarfin birki gwargwadon kaya, in aksul yana rataye a iska bawul ɗin yana tsukewa mai baya zuwa sosai, don haka ka ɗora nauyin bayan motar a kan aksul ko a kan tayoyinta kafin ka cire iskar baya.

In feda tayi tauri ka tada inji ka taka da iya ƙarfinka ka riƙe minti ɗaya, kar ta motsa. Ka sauka ka bi kowane noti da busasshiyar takarda. Wanda ya ɗan jiƙe ka sassauta shi kaɗan ka sake matsewa bakin ya zauna, in ya sake jiƙewa kar ka ƙara ƙarfi, ka ciro ka sake baki. Fad ko shu da mai ya jiƙa ba'a wanke su a maida, canzawa ake, kuma duka gefen biyu, in ba haka ba mota zata riƙa fizga gefe ɗaya. Gwaji a fili marar mutane, da tafiyar ƙafa tukuna hannunka na kan hambirki, sannan gudun kilomita 30 a awa, sannan 50 ka taka da ƙarfi ka ga ta tsaya a miƙe. Ka sa alama da biro a jikin kofi daidai inda mai ya tsaya, washegari da safe ka duba alamar ka leƙa ƙasan motar, bayan sati ɗaya na hawa ka sake bin notin da takarda ka duba ko akwai inda sabon fayif ya fara ƙyalli alamar yana goga da wani abu. In na ƙarfe ka sa, ka shafe shi da fentin ƙasan mota ko giris mai kauri daga waje musamman cikin kilif kafin damina ta sauka, man kuma ka riƙa sauya shi duk shekara biyu.